A ba ilimin zayyana kayan masana'antu gurbi a jami'armu ta Maradi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan ilimin zayyana kayan masana'antu, wanda iyaye da yawa a nan Maradi suke ɗauka zane-zane ne na ɓata takarda. Alhali mai wannan ilimi shi ne yake tsara siffar kaya da girmansa, ya zaɓi ƙarfe ko fata ko yumɓun da za a yi shi da shi, ya lissafa kuɗin da zai ci, tun kafin a ƙera dubbai irinsa.

Ƴaƴanmu masu sha'awar fannin sukan tsallaka zuwa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda take da sashe na musamman mai rassan tangaran, da saƙa da rini, da zanen bugawa. Karatun ba na mai son jiki ba ne. Ɗalibin da ya ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, da Faransanci sai ya fara kokawa da Turanci, sa'annan kuɗin fenti da takarda da yadi su riƙa fita daga aljihunsa. Yakan kwana a ɗakin aiki yana gyara samfuri, kuma tukunyar da ya yi makonni yana ginawa tana iya tsagewa a wurin gashi, dole ya koma farko, domin aikin hannunsa malamai suke dubawa su ba shi maki.

Abin da yake ci mini rai shi ne yadda garinmu yake buƙatar waɗannan matasa. Fatar jar akuyar Maradi ta yi suna har ƙasashen Turai, dukawanmu kuma gwanaye ne, amma wanda ya nemi takalma ɗari masu awo ɗaya da ɗinki ɗaya zai sha wahala kafin ya samu, kuma a nan ne ciniki mai tsoka yake kuɓuce mana. Haka maƙeranmu masu murhun Mai Sauƙi da injin matsar man gyaɗa, da yawansu da ido suke awo, ba tare da zanannen tsarin da za su riƙa bi ba.

Don haka nake kira ga hukumomin ilimi mai zurfi da shugabannin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo su ba wannan fanni gurbi na kansa, tunda makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da ke nan Maradi tana yaye matasan da suka san zanen injiniya. Sai dai a fara tanadar ɗakin aiki da injuna da wurin gashin tangaran kafin a ɗauki ɗalibi ko ɗaya, kuma a wajabta wa kowannensu zama na wasu watanni a rumfar maƙeri ko baduku kafin a ba shi takardar kammalawa.

Na gode.

Wani malamin koyar da sana'a,
Maradi