Amsa ga Ɗalibar da ta Tambaye ni Yadda Jibuti ta Kayar da Kenya

Assalamu alaikum, 'yata.

A taron tattaunawa kan siyasar Afirka da muka yi kwanan baya kin miƙe a gaban jama'a kin jefo mini tambaya, lokaci kuma ya ƙure kafin in ba ki amsar da ta kamace ki. Kin ce: ta yaya Jibuti, ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba, ta kayar da Kenya a zaɓen shugaban Hukumar Tarayyar Afirka? In ba sayen ƙuri'a ba ne, mene ne? Kuma ina ruwan talakan Kano ko na Maraɗi da wannan kamun ƙafa na manya? Tun da a bainar jama'a kika tambaya, bari in amsa miki a bainar jama'a.

Mu fara da batun kuɗi. Da kuɗi ne ke yanke hukunci a zauren nan na Adis Ababa, hedikwatar Tarayyar, da Kenya ce ta tafi da kujerar, don tattalin arzikinta ya ninka na Jibuti sau da yawa. Kuma Kenya ba ta yi ƙasa a gwiwa ba. A watan Agustan 2024 Shugaba William Ruto ya ƙaddamar da takarar marigayi Raila Odinga a fadar gwamnati da ke Nairobi, shugabannin Yuganda da Tanzaniya da Sudan ta Kudu suna zaune, har da Cif Olusegun Obasanjo. Daga nan Raila ya shiga jirgi, fada bayan fada, yana gaisawa da shugabanni yana karɓar alkawari. Mutum ne mai suna, ya yi zaman kurkuku saboda siyasa, ya riƙe firayim minista, ya yi takarar shugaban ƙasa sau biyar. Duk wanda ke bin jaridun Nairobi a lokacin sai ya ɗauka an gama magana.

Ranar 15 ga Fabrairun 2025 aka kaɗa ƙuri'a. Ƙasashe 49 ne suka yi zaɓen, kuma dokar ita ce sai mutum ya samu kashi biyu cikin uku. A zagayen farko Raila ne a gaba da ƙuri'a 20, Mahmud Ali Yusuf na Jibuti yana da 18, Richard Randriamandrato na Madagaska yana da 10. A zagaye na uku ruwa ya sauya hanya, Mahmud ya shiga gaba, aka kuma fitar da ɗan Madagaska. A zagaye na shida Mahmud ya samu 26, Raila 22, a na bakwai kuma, da ya rage shi kaɗai, ya samu 33, daidai abin da ake bukata.

To me ya faru? Abu na farko, ƙuri'ar ta sirri ce. Shugaban da ya tarbe ka da jan kafet, ya yi maka murmushi a gaban kyamara, ba wanda zai san maɓallin da ya danna. Na biyu, kuma nan ne nake so ki tsaya ki yi nazari, Mahmud ya riƙe ministan harkokin wajen Jibuti tun 2005. Shekara ashirin ke nan yana zama a tarukan majalisar ministoci ta Tarayyar, yana cin abinci da takwarorinsa, ya san jakadun da ke zaune a Adis Ababa da sunayensu, ya san abin da ke damun kowace ƙasa. Waɗannan mutanen su ne ke rubuta wa shugabanninsu takardar shawara kafin a shiga zaure. Yana jin Larabci da Faransanci da Turanci, ƙasarsa kuma tana cikin Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, da ta ƙasashen Musulmi, da ta masu amfani da Faransanci. Kowace ƙofa ya ƙwanƙwasa, da harshen masu gidan yake yin sallama. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, shi kuma ya daɗe yana takawa tun kafin a buɗe takara. Ƙari a kan haka, ana saura 'yan kwanaki zaɓe ƙungiyar SADC ta kudancin Afirka ta rubuta wa mambobinta su mara wa ɗan Madagaska baya, abin da ya wargaza lissafin da Kenya ta yi a yankin.

Wannan ba shi ne karon farko da Kenya ta sha irin wannan ɗacin ba. A Janairun 2017 Amina Muhammad, ministar harkokin wajenta, ta kai har zagayen ƙarshe-ƙarshe kafin Musa Faki Mahamat na Cadi ya wuce ta. Kafin nan, a Janairun 2012, an tashi baram-baram tsakanin Jean Ping na Gabon da Nkosazana Dlamini-Zuma ta Afirka ta Kudu, sai a watan Yuli aka sake zama ta yi nasara. Mutane da yawa sun ji haushin Afirka ta Kudu a lokacin, domin akwai fahimtar da ba a rubuta ba cewa manyan ƙasashe su bar wa ƙanana wannan kujera. In kika koma baya zuwa zamanin tsohuwar ƙungiyar OAU, wadda Tarayyar Afirka ta gada, a 1983 an kasa zaɓen babban sakatare gaba ɗaya, sai Peter Onu ɗan Najeriya ya riƙe ofishin na wucin gadi har 1985, lokacin da aka zaɓi Ide Umaru na Nijar. Kin ga ke nan maƙwabtanmu sun taɓa zama a kan wannan kujera, ba labarin nesa ba ne.

Saboda haka ni ban ɗauki kamun ƙafa abin kunya ba. Ƙasashe 55 ba za su haɗu a kan mutum ɗaya ba sai an je an zauna, an roƙa, an yi ba-ni-in-ba-ka. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da ake ciniki a kai. Galibi kujera ake musaya da kujera: ka zaɓi ɗan takarata a nan, in zaɓi naka a kwamishina, ko a bankin raya Afirka, ko a wata hukuma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A taron nan ne Aljeriya da Maroko suka gwabza a kan kujerar mataimaki, Salma Malika Haddadi ta Aljeriya ta samu, kuma kowa ya san rikicin Yammacin Sahara ne ke ƙarƙashin wannan gwabzawar. Najeriya ma ta yi nata zawarcin, Ambasada Bankole Adeoye ya koma kujerarsa ta kwamishinan harkokin siyasa da zaman lafiya da tsaro. Na ji daɗin hakan, ba zan ɓoye miki ba. Amma samun kujera daban, abin da za a yi da ita daban.

Ki duba halin da nahiyar take ciki a ranar zaɓen. 'Yan tawayen M23 sun riga sun kama Goma a gabashin Kwango, suna shiga Bukavu a daidai kwanakin taron. Yaƙin Sudan, wanda ya ɓarke a Afrilun 2023, ya raba miliyoyin mutane da gidajensu, cikinsu har da 'yan'uwanmu Hausawa da suka yi zuriya a can. Makonni biyu kafin nan Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Sannan ki duba waɗanda a ranar ba su da ƙuri'a a zauren saboda an dakatar da su bayan juyin mulki: Nijar, Mali, Burkina Faso, Gini, Gabon da Sudan. Na fahimci dalilin dokar, ban kuma goyi bayan soja ya hamɓarar da zaɓaɓɓiyar gwamnati ba. Amma sakamakonta shi ne ɗan takara ba shi da abin da zai kai shi Yamai ko Bamako neman goyon baya, don haka ba wanda ya tilasta masa ya faɗi abin da zai yi wa mutanen da suka fi kowa bukatar Tarayyar. Wannan yana damuna ƙwarai.

Nan ne amsar tambayarki ta ƙarshe take. Wanda ke kan kujerar nan shi ke tura wakilai sulhu, shi ke tsara abin da za a kawo gaban shugabanni, shi ke magana da sunan Afirka yanzu da Tarayyar ta zama mamba a ƙungiyar G20 ta ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki. Ɗan kasuwar da ke ɗaukar kaya daga Kano zuwa Maraɗi ya ga abin da rufe iyaka ya yi masa a 2023, bayan juyin mulkin Nijar. Direban tirela, da mai sayar da albasa, da iyalin da rabinsu ke wannan gefen rabi ke wancan, duk hukuncin da aka yanke a irin waɗannan zauruka a kansu yake sauka.

Akwai kuma batun aljihu. Ginin hedikwatar Tarayyar da ake wannan zaɓe a cikinsa, Sin ce ta gina shi kyauta, aka buɗe a 2012. A taron Kigali na 2016 shugabanni sun amince kowace ƙasa ta cire kashi 0.2 cikin ɗari a kan wasu kayan da ake shigowa da su don Tarayyar ta riƙe kanta, amma har yau ƙasashe da yawa ba su aiwatar ba, ayyuka da dama kuma da kuɗin Turai da sauran masu ba da tallafi ake yin su.

Wa'adin Mahmud shekara huɗu ne. Kafin ya cika, masu zawarci za su sake sauka a Abuja, domin ƙuri'ar Najeriya takan ja wasu a yammacin Afirka. Abin da nake so ke da abokan karatunki ku tambayi ma'aikatar harkokin waje da 'yan majalisarmu a lokacin shi ne sharaɗin da aka gindaya wa baƙon kafin a ce masa to: me ya yi alkawari a kan Tafkin Cadi, a kan iyakarmu da Nijar, a kan Sudan, kuma a rubuce yake ko a baki.

Ki gaida mutanen gida. Allah ya ba da sa'ar karatu.

Malaminki.