Wasiƙar Godiya Ga Hukumar Cibiyar Al'umma Ta Unguwarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe shugaban cibiya, tare da Hajiya mai kula da ɗakin girki da sauran ma'aikata. Mu masu sana'ar girkin biki da malaman makaranta da ke ba da hannu a harkokin wannan cibiya tamu ta birnin Kano, mun ga ya kamata mu yi muku godiya a bainar jama'a, domin yabon gwani ya zama dole. Abin da ya fi faranta mana rai shi ne yadda kuka tsara al'amura har babu mai zuwa ya koma ɗan kallo.

Duk wanda ya san girkin taro ya san inda yake lalacewa: hannu ya yi yawa a tukunya ɗaya, wannan ta zuba gishiri, waccan ta zo ta ƙara. Kun toshe wannan ƙofa a girkin Asabar da kuka raba mutum 24 gida huɗu, shida-shida: masu ƙullu, masu miya, masu suya, sai masu rabo da wanke-wanke. Kowane mako ana juyawa, don haka ba wadda za ta dawwama a bakin baho. Gishiri da ɗanɗano kuwa mutum ɗaya ce ke zubawa.

A ranar waina da miyar taushe ne ƙwarewar Hajiya take fitowa fili. Shinkafar tuwo mudu huɗu ake aunawa. A jiƙa uku tun ranar Juma'a da dare, a dafa ɗaya ta yi luguf, a bar ta ta huce sarai kafin a haɗa a kai niƙa da albasa bayan asuba. Wannan hucewar ita ce masu koyo suka fi yi wa gaggawa, alhali zafi yana kashe yis, sai a wuni ana jiran ƙullun da ba zai tashi ba. Yis babban cokali ɗaya ga kowane mudu, da ɗan sukari. Lokacin bazara awa uku zuwa huɗu ya tashi. Da hunturu sai an rufe robar an kai ta rana. In ya yi tsami, ruwan kanwa kaɗan ya isa, don in ta yi yawa wainar takan canja launi ta yi bauri. Mun ga yadda Hajiya ke kama hannun yarinya ta ɗaga ludayi, ta nuna mata ƙullun yana sauka a hankali ba kamar ruwa ba, sannan ta hana ta juya wainar sai gefenta ya bushe, samanta ya yi ƙananan huji. Wuta in ta yi ƙarfi, baya ya ƙone ciki ɗanye. Ƙullu in ya yi ruwa, wainar ta sha mai.

Miya kuma, kabewa ake fara dafawa da nama har ta narke, a sa niƙaƙƙiyar gyaɗa, yakuwa kaɗan, alayyafo a ƙarshe, minti biyar a sauke. Sayo ganye da kayan miya a kasuwar 'Yankaba da sassafe ya rage kuɗin karo-karo sosai.

Muna kuma yaba muku kan kiyaye lafiya. Tukunyar gas tana waje, ana shafa wa tiyo ruwan sabulu kafin a kunna, in ya yi kumfa an san yana yoyo. Katakon yanka nama daban, na ganye daban. A takardar rajista ana tambayar mai hawan jini, mai ciwon suga, da wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba, a ware musu ƙaramar tukunya. Gidajen biki da yawa ba su kai nan ba.

Sai daren da kuka ware don wasan gano ɓarawo. Asalin wasan na liyafar Turawa ne a Ingila da Amurka, inda ake ƙaga labarin kisan kai, baƙi su binciko wanda ya yi. Kun yi hikima da kuka cire kisan kuka sa abin da ya dace da mu: akwati ɗaya ya ɓace cikin kayan lefe. Mutum 12 ke wasa, kowa ya zari kati a rufe: uwar amarya, alwanka, tela, direba, mai ƙunshi, da sauransu. Katin yana faɗa wa mutum inda yake sa'ad da abin ya faru, da sirri ɗaya da zai bayyana in an tambaye shi kai tsaye. Zagaye uku ne, kowanne minti 20, kuma a farkon kowanne mai gudanarwa yana buɗe ambulan ɗaya na shaida, misali rasit ɗin tela ko makullin ɗaki. A ƙarshe kowa ya rubuta wanda yake zargi da hujjarsa.

Doka ɗaya ce ke riƙe da wasan: ɓarawo kaɗai aka yarda ya yi ƙarya. Da zarar wani ya ƙara gishiri a labarin katinsa, shaidu sun saɓa, ba mai iya warwarewa. Haka nan in aka fitar da babbar shaida a zagayen farko, an gama wasa tun ba a fara ba. Mun ji daɗin yadda kuka hana sa sunan kowane ɗan unguwa ko wata ƙabila a kati, don kada raha ta zama gaba, da yadda mai gudanarwa ke jan wadda ba ta karatun boko gefe ya karanta mata nata a asirce. Zaman mata daban, na matasa maza daban, kuma ana tashi kafin sallar isha'i, shi ya sa iyaye da magidanta suke bari a zo.

Roƙonmu biyu ne: a ƙaro tanda biyu, domin masu suya su shida ne a kan tanda uku, sannan a riƙa rubuta wasu katunan da ajami saboda iyayenmu mata.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara ɗaukaka wannan cibiya.

Naku,
Masu girki da malaman da ke taimaka wa cibiya