Wasiƙa ga Aminina: Kada Ka Ɓoye wa Uwargida

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya iyali? Allah ya ƙara sauƙi.

Na ga saƙonka cewa likita ya tabbatar maka da ciwon sukari nau'i na biyu, kuma kana so ka ɓoye wa uwargida don kada hankalinta ya tashi. Ban goyi bayanka ba. Ita ke riƙe da tukunya, ita ce kuma kusa da kai da tsakar dare. Ranar komawa asibiti ku tafi tare, ta ji daga bakin likita.

Abin da ya fi gaggawa ta sani shi ne faɗuwar sukari. Maganin ciwon sukari mai suna metformin shi kaɗai ba kasafai yake jawo haka ba, amma wani mai suna glibenclamide yana yi, musamman in ka sha ba ka ci abinci ba. Za ta ga gumi, karkarwa, faɗa ba dalili, magana na rikicewa. In na'urar gwajin sukari ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, ta dama sukari ƙaramin cokali uku a ruwa ta ba ka, a sake gwadawa bayan minti 15. In kuwa ka suma, kada ta ɗura maka komai, zai sarƙe ka; ta kwantar da kai ta gefe ɗaya, sai asibiti.

Batun abinci, kada a ware maka tukunya, ba ya ɗorewa. A dai gyara rabo: rabin faranti ganye, kamar zogale ko alayyafo, kwata tuwo, kwata kifi ko wake. Kunu da fura da shayi a sha su ba tare da sukari ba. Zuma ma sukari ce, kome mutane za su ce maka. Amarya ma a yi mata bayani, in ba haka ba ranar girkinta ta rushe komai.

Sai ƙafa. Ciwon yana kashe jijiyoyi, ƙaya ta soke ka ba ka ji ba. Kullum da dare ta haska tafin ƙafarka da tocila, har tsakanin yatsu inda ruwan alwala ke maƙalewa. Ko ƙaramin miki ne, a kai wa likita, ba a shafa toka.

Amma ku yi yarjejeniya: tunatarwa za ta yi, ba tsaro ba. Wanda ake ƙirga wa loma, a waje yake ramawa. In ka ga rauni a shimfiɗa, ciwon na iya kawo shi. Ka faɗa mata, ka faɗa wa likita, ka bar masu tallan magani a tasha. Kafin azumi kuma a sake duba maka lokutan shan magani.

Ka gaida yara da mutanen gida.

Naka har kullum.