Ba malamai ne ke tsoron kwamfuta ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Baƙon nan na shirinku na rediyo na ranar Talata ya ɓata mini rai ƙwarai. Wai malaman firamare ne ke tsoron kwamfuta! Shi kuwa mai gabatarwa sai "haka ne, haka ne" yake ta yi, ko tambaya ɗaya bai jefa masa ba.

Ni hedimasta ne a wata makaranta da ke bayan garin Sakkwato, kuma duk shekara ana turo mana ɗaliban NCE, wato masu koyon aikin malanta a kwaleji, su yi koyarwar gwaji. Bana na ba wata yarinya aji biyar, darasin kimiyya da fasaha. Yarinya mai ƙwazo, ga ladabi. Ta zana kwamfuta a allo tsaf, ta rubuta sunan kowane sashe, yara suka yi ta bin ta da hadda. Da aka fita tara na miƙa mata tsohuwar laftof ɗina, na ce in an dawo ta kunna musu su gani. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, wallahi rabona da taɓa kwamfuta tun ranar da na zauna jarrabawar JAMB." Ɗakin kwamfutar kwalejinsu, in ji ta, kullum a kulle yake, in an buɗe babu wuta, in wuta ta zo a yi cincirindo kan guda.

To laifin wa? Shekara uku ake riƙe ɗaliban nan a kwaleji, sannan a sallamo mana su da biro da littafin kwafe. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta kacokan, kuma ɗan da ke aji biyar yau ita zai tarar.

Ai fasahar ma ba kwamfuta ce kaɗai ba. Batir da waya da ƙwan tocila nawa suke a kasuwa? Me zai hana a kai ɗalibai unguwar Maƙera Assada su ga yadda zugazugi ke hura wuta, su riƙe awartaki da hannunsu? Wanda bai taɓa haɗa waya ƙwai ya kama ba, ta yaya zai sa yaro ya haɗa? Ku gayyato masu horar da malamai su amsa wannan, ba mai zagin mu ba.

Sannan layin wayarku ɗin nan, don Allah a duba shi. Na yi ta kira har shirin ya ƙare bai shiga ba, amma muryoyin da muka saba ji su ne dai aka sake ɗauka.

Wassalam.

Mai sauraronku,
wani hedimasta, Sakkwato