Babban kamshaf ba shi ne ƙarfin ja ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini don in ja hankalin masu babura da kanikawa kan wani kuskure da ya zama ruwan dare. Da zarar mutum ya ce babur ɗinsa ba ya ja a hawa ko da kaya, sai a ce masa ya sa kamshaf na tsere (kamshaf shi ne ƙarfen da ke juyawa a cikin inji yana buɗe bawul-bawul, wato ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi). Sau da yawa abin sai ya ƙara lalacewa.

Dalili shi ne, kamshaf na tsere yana daɗewa bai rufe bawul ɗin shigar mai ba. Idan inji na juyi a hankali, fistan zai fara hawowa bawul na buɗe, ya koro wani ɓangare na man da iskar baya, matsi ya ragu. Sai ka ji babur na gurnani amma ya kasa tashi sai an ƙure totur. Mai neman ƙarfin ja yana buƙatar kamshaf mai rufe bawul da wuri, wanda kuma yake ɗaga shi fiye da na kamfani kaɗan.

Wannan ɗagawar ita ce wurin haɗari. Kafin a rufe inji, a manna yumɓu a kan fistan, a ɗaura kan silinda, a juya injin da hannu zagaye biyu, a kwance a auna kaurin yumɓun da ya rage a inda bawul ya danna. A samu aƙalla milimita 1.5 a bawul ɗin shiga, milimita 2 a na fitar hayaƙi, domin shi ya fi zafi kuma ya fi miƙewa. In ba haka ba, rana ɗaya fistan zai doki bawul ya lanƙwasa shi. A duba sifirin ɗin bawul ma, kada ya matse gaba ɗaya lokacin da bawul ya gama buɗewa. Kuma sabon kamshaf da sabbin roka, wato ƙarafan da kamshaf ke turawa su danna bawul, ake haɗa shi. Tsofaffi masu gurbi cinye shi suke yi.

A ganina, faɗaɗa silinda ya fi kamshaf biyan buƙata. Daga 125cc zuwa 150cc ƙarin kashi 20 cikin 100 ne, kuma tun daga tashi ake jin sa. Sai dai dole a ƙara girman jet ɗin kabireta, wato 'yar ƙofar da mai ke bi. Idan bakin fulogi ya fito fari fat, mai ya yi kaɗan, zafi zai iya huda fistan. Ruwan ƙasa-ƙasa ake nema. Kulochi ma yakan fara sulɓewa, sai an sa masa sifirin mai tauri.

Salansa mai faffaɗan baki kuwa ƙara kawai take ƙarawa, tana rage ja idan inji na juyi a hankali.

Wanda bai son buɗe inji, ya canza siroket na baya, wato faifan nan mai haƙora da sarƙa ke juyawa, daga haƙora 36 zuwa 40. Ƙarfin da ke kaiwa taya zai ƙaru da kusan kashi 11, gudun ƙarshe ya ragu, kuma mai yiwuwa sai ya ƙara tsawon sarƙa.

Naku,
Wani bakanike mai karanta jaridarku