Wasiƙa zuwa ga ɗana da ke dambe a Abuja

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Kawunka ya dawo da labarinka. Ya ce kullum kana wurin ɗaga ƙarfe, damtsenka ya cika riga, har ka yi wa wani ɗan damben ɓangaren Kudu kisa, ka kai shi ƙasa. Madalla. Amma naushi daga ƙafa yake tasowa, ya bi ta ƙugu, kafin ya iso hannun da aka ɗaure wa zare. Kuma dambe turmi uku ne. Wanda ya tara tsoka ya bar gudun asuba, a turmin farko zai firgita jama'a, a na uku sai haki, hannun kariya ya sauka, siririn yaro ya kai shi ƙasa. Ɗaga ƙarfenka, ban hana ba, sai dai ka riƙa ba jiki hutu, ka ci ka ƙoshi, don da barci da abinci tsoka ke ginuwa.

Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. An ce an gan ka kana haɗiyar tiramol kafin shiga fili. Tun da na ji, abinci ya daina yi mini daɗi. Wa ya ce maka ƙwaya na ƙara ƙarfi? Maganin kashe zafi ce, likita ke ba wanda ke fama da ciwo mai tsanani. Zafin nan da take ɓoyewa shi ke gaya maka ƙashi ya tsage, ka tsaya. In ka daina jin sa, sai ka ci gaba da duka da karyayyen hannu har ya tashi daga aiki. Tana kawo jiri, ido ya makara wajen ganin naushi, in ta yi yawa ta jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Kuma in ta kama mutum ba ta saki da sauƙi. Hukumar yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta duniya ma ta haramta ta a lokacin gasa tun farkon 2024.

Ka san abin da ya sami ɗan gwaggonka, kai ka riƙe ƙafafunsa a daren nan. Shi ne za ka bi sawunsa? Lokacin da duk gidan nan suka ce kada ka tafi, ni na tsaya maka, don mu Rundawa ne, mahauta, dambe gadonmu ne, kakanka da fura da nama ya yi nasa. Yanzu da wane ido zan dubi innarka?

Ban faɗa mata ba tukuna. In ƙarya aka yi maka, kira ni ka faɗa da bakinka, zan yarda. In gaskiya ne, kada ka yanke ta lokaci ɗaya kai kaɗai, jiki na wahala. Ka taho gida mu je wurin likita tare, babu wanda zai ji. Na ba kawunka kuɗin motarka.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.