Koken fataken Maradi zuwa ga Mai Martaba Sarkin Katsinan Maradi

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu talakawanka ne, fataken dabbobi, wake da aya masu bin hanyar Ɗan Issa zuwa Jibiya, Katsina, har kasuwar Dawanau ta Kano. Kukanmu a kan takarda ne, ranka ya daɗe, wadda muke yanka da kuɗinmu a shinge, a shingen gaba a ce ba a san ta ba.

Gabanin Babbar Sallar da ta wuce, ɗaya daga cikinmu ya loda raguna a babbar mota. Ya gama da ƴan duwan, wato kwastan, a ɓangarenmu, ya tsallaka. A can aka ce ya yanki takardar lafiyar dabbobi ta jiha. Ya biya, aka buga hatimi, ya naɗe ta a leda ya sa aljihun gaba. Bai yi nisa ba wasu jami'ai suka tsayar da shi. Babbansu ya juya takardar gaba da baya, ya miƙa masa abarsa, ya ce: "Alhaji, wannan ta jiha ce. Dabbar da ta shigo daga wata ƙasa, maganarta ta tarayya ce." Kwana biyu motar tana gefen titi cikin rana, yaran mota na sayen ruwa jarka-jarka suna ba ragunan a roba. Huɗu suka galabaita, aka yanka su nan take, mahauta suka saye yadda suka ga dama.

Da muka bincika, sai muka tarar jami'in bai yi ƙarya ba. Mu nan mun saba da doka ɗaya: abin da aka yanke a Yamai, shi ne a Madarunfa, shi ne a Diffa. Najeriya kuwa jihohi 36 gare ta, kowace da majalisarta mai yin doka. Amma sashe na 4, sakin layi na 5 na kundin tsarin mulkinsu na 1999 ya ce idan dokar jiha ta saɓa wa dokar da majalisar tarayya ta yi bisa ikonta, ta tarayya ce a sama, ta jiha ta faɗi daidai inda ta saɓa. Akwai ma abubuwan da jiha ba ta da ta cewa a kansu sam, cikinsu har da kuɗin kwastan, shige da fice, killace masu cuta a iyaka, da ciniki da ƙasashen waje. Wato duk abin da muke ci da shi.

Mun ga haka ƙarara lokacin da Abuja ta rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Ko gwamna na son mu kamar me, mabuɗin ba a hannunsa yake ba.

Ba dokar maƙwabta muke so a canza ba, gidansu ne. Muna roƙon Mai Martaba ya yi magana da ɗan'uwansa Sarkin Katsina, domin zumuncin mutanen Katsina da Maradi ya girmi iyakar kanta, kuma ya sa baki wajen Gwamnan Maradi, a samo mana bayani a rubuce da Hausa, boko da ajami: wace takarda ce ta tarayya, wace ce ta jiha, nawa ake biya, a wane ofis. A liƙa shi a Ɗan Issa da kasuwannin dabbobinmu, a karanta a gidajen rediyo, don da yawanmu da kunne muke karatu. In da hali, a ba mu wakili guda a fada wanda za mu kira idan an tsare mota da dabbobi a ciki, domin buhun aya na iya jiran mako, rago ba ya iyawa.

Muna so a yi wannan tun kafin lodin ragunan layya mai zuwa. Duk ranar da fada ta neme mu, za mu zo da takardun da muka yanka, har da waccan ta cikin leda.

Allah ya taimaki Sarki.

Talakawanka, fataken hanyar Ɗan Issa, Maradi.